Sabuwar Shakazoba Don Bayan Inna

Ba a yabon ƙanena a gabana ban ƙara da "amma" ba. In aka ce Auta yana da kirki, sai in ce haka ne, amma ba ya ɗaga waya da wuri. In aka ce ya yi kyau ya murmure, sai in ce haka ne, amma ya kamata ya je a auna jininsa. Na san wannan hali bai dace da mutumin da furfura ta ci rabin gemunsa ba, balle wanda aka ba wa amanar 'ya'yan mutane yana koya musu labarin ƙasa. Nakan zaunar da kaina in yi wa kaina faɗa. Nakan saurari faɗan da kyau, in gyaɗa kai, sannan in ce haka ne, amma.

Abu ɗaya nake da shi wanda Auta ba shi da shi, shi ne safiyar Alhamis. Ranar ce ake yi wa mahaifiyarmu, Inna, gashin baya a asibiti, kuma ranar ce ba ni da darasi sai da rana. Saboda haka ni nake kai ta, a motata da ta girmi babbar 'yata. Inna ce ta raɗa wa motar suna Kwale-kwale. In ta faɗa rami ba ta fita ta wuce kamar sauran motoci, sai ta yi ta sunkuyawa tana ɗagowa, kamar tana gaida mutanen gefen titi ɗaya bayan ɗaya.

A gida Inna ba mai hira ba ce, aƙalla da ni. Tambayoyinta ba sa canzawa: ka ci abinci, ya yaran, yaushe za ka yi aski. Amma da zarar ta zauna a kujerar gaba, ta kama maƙalin nan na saman ƙofa da hannu biyu, sai bakinta ya buɗe. Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai farga cewa tarihinta take ba ni, daga farko, a jere, kowace Alhamis ta ɗora daga inda ta tsaya. Na ji labarin mahaifinta mai gyaran agogo, wanda bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba. Na ji yadda marigayi Baba ya ari takalmin abokinsa ya zo ganinta, takalmin ya matse shi, ya kasa miƙewa ya tafi, har ta ɗauka tsananin so ne ya zaunar da shi. Ƙaramin rami yakan sa ta ja numfashi. Babba yakan sa ta yi wa masu gyaran titi addu'ar da ba zan maimaita ba, sannan ta ce, "Ina muka tsaya?" Ni kuwa ina riƙe da sitiyari, ina ji kamar ni kaɗai ta haifa.

A hankali muka iso shekarar da aka haife ni. Ba zan ɓoye ba, wannan babin nake jira tun da aka fara. Muna gab da ƙofar asibiti ta ce, "Ranar da na fara jin motsinka, ina tsaye ne a kan kujera ina..." Sai muka hau sabon tudun da aka yi a titin don rage gudu, wanda babu shi a zuwanmu na baya. Kwale-kwale ta tashi sama, ta dawo, cikinta ya daki kwalta, ta sake tashi don ta tabbatar. Inna ba ta yi ihu ba. Ta dai rufe ido ta ce, "Bayana," a hankali, kamar tana kiran sunan wani.

Matar da ke yi mata gashin ta duba ta, ta dube ni, ta ce, "Malam, a baro kuka kawo ta?"

Kafin yamma labari ya isa kunnen Auta. Ya kira ni, kuma abin haushi, cikin ladabi.

"Yaya, ka huta haka nan. Ni zan riƙa kai ta. Ka yi ƙoƙari wallahi."

Motar Auta irin wadda in an rufe ƙofarta sai ka ji kamar an toshe maka kunne ce. Kujerun fata, sanyi, ƙamshi. Takan bi ta kan rami kamar ba ta taɓa jin labarinsa ba. Ba ni da bakin musu. Na ce masa to, Allah ya yi albarka, na kashe waya, na ƙarasa sauran maganar ni kaɗai a ɗaki.

Na koma zaman ɗakin malamai ranar Alhamis, ina bin takardun yara da jan biro fiye da yadda laifinsu ya kai. In dubi agogo in ce yanzu sun wuce gidan mai, yanzu suna shataletale. Abu biyu nake hangowa, ban san wanda ya fi ci mini rai ba. Ko dai Inna ta tsallake haihuwata gaba ɗaya, ta tsallake 'yan matan da ke tsakaninmu, ta dira kan ranar da aka haifi Auta, wadda na tabbata a labarin har rana sai da ta fito da wuri. Ko kuma ta ci gaba daga inda ta tsaya, yana zaune cikin sanyi yana jin abin da uwata take yi a kan kujera da cikina, ni ban sani ba.

Wata Alhamis na kasa daurewa. Na ce zan je sayen biro, na tafi gidan man da ke kan hanyarsu, na laɓe a bayan wata motar kaya, ni da gemuna. Suka zo suka wuce. Gilashin motar Auta mai duhu ne, ban ga komai ba sai fuskata da ta bi ta jikinsa ta shige. Mai zuba mai ya tambaye ni ko lafiya. Na sha man da ba na buƙata, na koma makaranta ba biro.

Maman yara ta gaji da ganina ina juya cokali a shayi ba na sha.

"Ka je gida ka tambaye ta mana. Uwarka ce fa, ba shugabar makarantarku ba."

Na je. Na zauna a bakin gadonta, na yi gyaran murya, na ce, "Inna, rannan kina cewa kina tsaye a kan kujera."

Ta ce, "Wace kujera? Ka ci abinci?"

Da zan tafi ta ƙara da cewa motar Auta kamar katifa take. Ba da wata manufa ta faɗa ba. Na tafi da maganar gida, na kwana da ita, na tashi da ita.

Niyyata ta farko in kai motar gareji kamar kowane mai hankali. Auta ne ya ɓata wannan niyya. Ya turo mini saƙo cewa zai aiko bakanikensa ya ɗauki Kwale-kwale ya canza mata shakazoba duka huɗu, wato ƙarafan da ke shanye girgizar rami, kada in damu da komai. Ina karanta "kada ka damu da komai" na ji damuwa ta sauko mini har gwiwa. Wato a tarihin gidanmu za a ce Auta ya kai Inna, Auta ya gyara motar Yaya. Ko ni na kai ta garejin da ƙafata, wani zai ce ai shawarar Auta ce. Hanya ɗaya ta rage wadda ba za a raba ladan da kowa ba. Na amsa masa cewa na gode, na riga na fara aikin da kaina. Sannan na buɗe waya na nemi bidiyon da zai nuna mini inda shakazoba take a jikin mota.

Mai sayar da kayan gyara ya saurari bayanina yana kallon hannuwana, waɗanda abu mafi nauyi da suka saba ɗauka shi ne alli.

"Wa zai ɗaura maka, Malam?"

"Ni."

"Kai da wa?"

"Ni da wayata."

Ya shiga ciki ya daɗe. Ya fito da siraran kwalaye biyu na baya, da manya biyu na gaba. Ya ce na gaban ya zaɓo mini waɗanda aka haɗo da sifirin ɗinsu tun daga kamfani, don in ya ba ni tsirararsu na ce zan matse tsohon sifirin in mayar da kaina, to ɗalibaina za su yi sabon malami. Ya bugi kwali ɗaya ya ce dama, ya bugi ɗayan ya ce hagu, ya nuna mini inda aka rubuta. Ya ara mini ƙafafun ƙarfe biyu da ake ɗora mota a kai, ya ce kada in kuskura in shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Na gyaɗa masa kai irin gyaɗawar da ɗalibaina suke yi mini.

Asabar da safe na gyara fakin a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida, na sa tsohon wandon motsa jiki da ban taɓa motsa jiki da shi ba. Na zazzage kayan, na farke kwalayen na shimfiɗa a ƙasa don kada tsakuwa ta ci mini baya. A lokacin na ɗauki wannan a matsayin dabara.

Na baya ba su ba ni wahala ba, kuma wannan ne ya cuce ni. Ka sassauta notin taya tun mota tana ƙasa, ka ɗaga, ka ɗora ta a kan ƙafar ƙarfe, ka cire taya. Noti ɗaya a sama, ta cikin but, ƙarƙashin kafet, inda na tsinci takalmin yaro ƙafa ɗaya da muka daɗe muna zargin maƙwabta a kansa. Bol ɗaya mai kauri a ƙasa. Shi ke nan. Tsohuwar shakazobar ta fito jiƙe da baƙin mai. Na kafa ta a ƙasa na danna, ta shige ba gardama, ta zauna a can ba ta dawo ba, kamar ma'aikacin da ya ji ƙamshin ritaya. Sabuwar kuwa sai da na hau ta da nauyina, ina saki ta miƙe tana huci. Na ji wani girma ya shige ni. Har na fara tsara yadda zan ba da labarin a ɗakin malamai, in nuna kamar ba wani abu ba ne.

Maman yara ta fito da shayi lokacin da na koma gaba. Na cire tayar ɓangaren direba, na durƙusa na cusa kaina cikin ramin tayar. Sai na ji ƙarar ɗaukar hoto a bayana.

"Me kike yi?"

"Tarihi nake ajiyewa. Tun yaushe ƙwan fitilar banɗaki yake jiranka?"

"Wannan aikin injiniya ne."

"To injiniya, shayinka zai huce."

Na gaba ba irin na baya ba ne. Ƙaton abu ne mai sifirin a jiki. Noti uku suna riƙe da kansa a ƙarƙashin bonet, bol biyu masu kauri suna riƙe da ƙafarsa a bayan faifan birki, ga kuma wani ɗan kunne na ƙarfe a gefensa inda ake maƙala tiyon birki. A bidiyo, mutumin ya sa sifana ya juya, bol ya fito yana sheƙi. Nawa bol ɗin tun ranar da aka ƙera motar yake wurin, ya auri tsatsa sun hayayyafa. Na fesa masa mai, na ba shi lokaci, na roƙe shi. Na dake shi da guduma. Na hau sifanar da ƙafa.

"In kira maka Auta?" in ji Maman yara daga taga.

"In kika kira shi, ki haɗa masa da ɗakina da yaran."

"Motar fa?"

Na zaga bayan gida na ciro guntun bututun ruwa, na zura a hannun sifanar don ya ƙara tsawo, na rataya a kai gaba ɗayana. Abin da ya ba ni ƙarfi, kuma ba na alfahari da shi, shi ne na tuna maganar katifa. Bol ya yi ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, ya saki. Ni na tafi da baya, fatar 'yan yatsuna ta zauna a jikin faifan birki.

Da na ga na gano sirrin bututu, sai na ce me zai sa in yi ɓangare ɗaya in dawo. Na zaga na kwance ɗayan ma, na fitar da tsofaffin biyu na jefa su kan tulin na baya. Mutumin bidiyo ya ce a gama gefe ɗaya kafin a taɓa ɗayan, don a riƙa leƙawa ana kwatance. Daga baya na ga wurin. A lokacin na tsallake shi saboda yana da yawan surutu.

Sai na juyo ga sababbin. Suna kwance gefe da gefe, baƙaƙe, suna sheƙi kamar tagwaye, sai dai kunnen ɗaya yana kallon nan, na ɗayan yana kallon can. Dama da hagu a jikin kwali aka rubuta. Kwalayen kuwa a kansu nake kwance tun safe, na ja su nan na ja su can, sun sha mai sun sha shayi. Na je wajen tsofaffin, su ma na cakuɗa su. Na tsaya a gaban mota mai ramuka biyu a inda ƙafafunta suke. Ni da nake koya wa yara gabas da yamma, na rasa dama da hagun motata.

Na yi abin da ɗalibi yake yi a jarrabawa, na canka. Ashe kuma ɗaurawar aikin mutum biyu ce: wani ya ɗaga daga ƙasa ya saita ƙusoshin kan cikin ramukansu, wani ya jira a sama da noti. Ni in ɗaga, in saki in ruga sama, in tarar ta zame. Na tokare ta da gwiwa, na tokare da guntun katako, da ƙyar na kama noti ɗaya. Da na zo maƙala tiyon birki, sai ya ƙi kaiwa ga kunnen sai an ja shi ya miƙe kamar igiyar shanya. Ko ni na san birki ba ya son haka. Abin da ban sani ba shi ne ko gefen ne ba daidai ba, ko kan na juya, ko kuwa da ma haka yake ni ne ban lura ba.

Ina zaune a kan taya ina tsotsar yatsa, sai na ga inuwar mota ta tsaya a bayana ba tare da na ji zuwanta ba. Mota ɗaya ce take haka a danginmu.

Auta ya fito cikin fararen kaya, ko ƙuda bai taɓa sauka a kansu ba.

"Yaya, sannu da aiki."

"Wa ya gaya maka?"

"Anti ce ta sa hotonka a guruf ɗin gida. Har Inna an nuna mata."

Na dubi taga. Labule ya motsa.

"Me ta ce?"

"Ta ce wandon ya yi maka kaɗan."

Na jira ya yi dariya, ko ya ce ai da na bari bakanikensa ya zo. Na ma tanadi amsa. Bai ba ni dama ba. Ya cire agogo ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga, ya tsuguna ya ce, "Me zan riƙe?" Irin wannan halin nasa ne ya sa mutum ba ya samun inda zai kama shi.

Na yi masa bayanin kunne da tiyo a taƙaice, da muryar mai gwada ɗalibi, ba ta wanda ya rasa mafita ba. Ya ciro waya, ya buɗe hoton. Mafi yawan hoton mazaunaina ne. Ya sa yatsu biyu ya buɗa, ya ture ni gefe a cikin hoton, ya ƙara buɗawa. A can saman kafaɗata, a ɗan sararin da na bari, ga tsohuwar shakazoba tana nan a wurinta, kunnenta yana kallon bayan mota, tiyo ya sauko a sake.

"Naka yana kallon gaba, Yaya."

"Na sani. Gwaji nake yi."

"To."

Muka kwance, muka musanya. Shi ya shiga ƙasa ya rungumi shakazoba ya ɗaga, ni ina sama da noti ina ba da umarni: ɗan hagu, ɗan sama, ba haka ba. Na ba da umarni fiye da yadda aikin yake buƙata. Da ya fito, giris ya zana masa taswira daga ƙirji har gwiwa. Na ce ayya, kayanka. A raina kuwa daɗi na ji.

Muna ɗaure bol ɗin ɗaya gefen, kawunanmu kusa da juna cikin ramin taya, na ga dama ta samu. Na yi tambayar kamar faɗo mini ta yi.

"Kuna shan hira da Inna a hanya ko?"

"Hira?"

"Labarai haka. Na da."

"A'a. Ba wani abu."

"Ba ta ce maka komai a kan wata kujera ba?"

"Kujerar mota?"

"Bar shi. Miƙo sifana."

Zamana a aji ya koya mini fuskar yaron da yake ɓoye abu, kuma wadda ta fi haɗari ita ce wadda ba ta nuna komai. Na ƙudura a raina cewa an ba shi labarin, har an ce kada ya gaya mini.

Muka mayar da tayoyi, muka sauke motar. Na bi bol ɗin ƙasa na ƙara ɗaure su da nauyinta a kansu, kamar yadda mutumin bidiyo ya ce, don yanzu na daina tsallake shi. Na dafa gaban motar na danna da ƙarfi na saki. Ta taso sau ɗaya ta tsaya cak. Na zaga kusurwa huɗu ina dannawa, ina shirya jawabin da zan yi wa Auta, wanda zai fara da godiya ya ƙare da cewa Alhamis tawa ce tun asali, kuma in ta kama zan kai maganar gaban Inna.

Yana wanke hannu da garin sabulu a bakin famfo ya riga ni.

"Yaya, tunda mota ta gyaru, ko za ka karɓi Alhamis ɗinka? Wallahi ogana ya fara yi mini wani kallo. Kullum sai na je neman izini."

Na tsaya da jawabi a baki. Na yini ina shirin kokawa, abokin karawar ya zo ya kwanta da kansa yana tambayata ko na gaji. Na ce zan duba jadawalina. Ya ce ya gode, ban san nauyin da na sauke masa ba. Wato ko wannan ma sai da ya mayar da shi alherin da ni na yi masa, ya shiga motarsa da giris a ƙirji ya tafi ba ƙara.

Maman yara ta fito ta zaga motar. Ta ce, "Amma Auta yana da ƙoƙari, dubi yadda ya ɓata kayansa." Na ɗaga mata 'yan yatsuna. Ta ce akwai filasta a kan firij.

Na kai motar aka saita mata tayoyi, don bayan irin wannan aiki sitiyari yakan karkace. Mai saitin ya leƙa ƙasa ya tambayi wanda ya ɗaura. Na ce ni. Ya ce ba laifi. Na so a ce Auta yana wurin ya ji, sannan na tuna da yana wurin da sai dai in ce mu.

Ranar Alhamis Inna ta fito da sandarta, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon Kwale-kwale kamar surukin da ya taɓa ɓata mata rai.

"Auta fa?"

"Yana wajen aiki. Na gyara ta, Inna. Da hannuna."

"Na ga hoto."

Na danna gaban motar don ta gani. Ta sa sanda ta ɗan tokari taya, ta ce, "In ta sake jefa ni, a ƙafa zan dawo." Na buɗe mata ƙofa, na gyara mata ɗan matashin da na saya don bayanta. Ta ɗaga hannu ta kama maƙalin saman ƙofa yadda ta saba. Muka bi ta kan ramin farko na layinsu, wanda ya san mu muka san shi. Motar ta haɗiye shi ba ta ce komai ba. Inna ta dubi maƙalin, ta sauke hannunta ta ɗora a cinya.

"Uhm," in ji ta. "Ka yi aiki."

Ban tuna ta taɓa gaya mini haka ba. Na ƙura wa titi ido, kunnena ɗaya yana kan bol ɗin da na ɗaure ko wani zai yi magana, ɗayan na ajiye mata. Na ba ta lokaci, don ba a gaggauta irin wannan labari. Muka wuce gidan mai, muka zaga shataletale. Da muka miƙi dogon titin na yi gyaran murya na ce, "Inna, kin tsaya a inda kike kan kujera, kin ji motsina."

Ba ta amsa ba. Na ce a raina tattaro labarin take yi, shekarun da nisa. Na rage gudu don hanyar ta ƙara tsawo. Tudun ƙofar asibiti ya taso, na hau shi, gaba ya hau ya sauka, baya ya hau ya sauka, ko ruwan gorar da ke tsakaninmu bai girgiza ba. Na yi fakin, na kashe mota, na juyo da fuskar wanda ya yi nasara.

Kanta yana jingine da gilashi, bakinta a ɗan buɗe. Sai da na taɓa kafaɗarta.

"Har mun iso?" Ta gyara mayafi, ta laluba sandarta. "Allah ya yi maka albarka. Yanzu ba ta da bambanci da ta Auta."

A hanyar dawowa na bi ta tsohon titin kasuwa da gangan, na nemi kowane rami na faɗa. Motar ta shanye su duka.

Ni nake kai Inna asibiti duk Alhamis yanzu. Kafin mu fita daga layinsu ta yi barci.